Tace Fim Kafin Yara Su Kalla: Wace Hanya Ce Ba Ta Taka Haƙƙin Mallaka?

Duk magidancin da ya taɓa zama a falo tare da iyalinsa ana kallon fim ɗin Amurka ya san irin lokacin da labari zai yi daɗi, kowa ya yi tsit, sai kwatsam a nuno abin da ba ya kalluwa a gaban yara. Uba ya shiga laluben rimot a ƙarƙashin matashin kujera, uwa ta aiki babban yaro ya ɗebo ruwan da babu mai jin ƙishirwarsa, kafin a kai ga danna maɓalli kuwa abin da ake gudu ya riga ya wuce. Wannan damuwa ce ta haifar da sana'a sukutum a Amurka, wato sana'ar tace fina-finai, kuma fiye da shekara 20 ke nan ana kai ruwa rana a kanta tsakanin masu tacewa da manyan kamfanonin Hollywood. Wanda yake neman hanyar tsabtace kallon gidansa, ko yake tunanin shiga irin wannan sana'a, zai amfana da sanin yadda kowace hanya ta ƙare a gaban alƙali, domin a idon mai kallo hanyoyin duk kusan ɗaya suke, amma a idon doka akwai tazara mai nisa a tsakaninsu.

A manyan shari'o'in da aka yi, kotu ba ta tsaya tana auna ko abin da aka cire ya cancanci cirewa ba. Tambayoyi biyu ne suka raba gardama: shin an samar da sabon kwafin fim ɗin, sannan daga wane kwafi hoton da ke isa allon mai kallo ya fito. Da waɗannan tambayoyi biyu zan auna hanyoyin.

Hanya mafi daɗewa ita ce sayen kwafin da aka riga aka datse. Ta samo asali ne a jihar Utah, inda mabiya cocin Mormon suke da yawa, kuma da dama daga cikinsu suna ƙaurace wa fina-finan da aka keɓe wa manya. A 1998 wani shagon bidiyo a jihar ya riƙa karɓar kaset daga hannun masu shi yana yanke musu wuraren tsiraici a kan 'yan daloli kaɗan. Da faifan DVD ya maye gurbin kaset sai aikin ya koma kan kwamfuta, kamfanin CleanFlicks da aka kafa a 2000 ya zama jagora. Yadda yake yi shi ne ya sayi faifai na asali, ya kwafe shi zuwa kwamfuta, ya cire ashar da tsiraici da zubar da jini, sannan ya buga abin da ya rage a kan sabon faifai ya sayar ko ya ba da haya. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce ba ya cin haƙƙin kowa, domin duk kwafi ɗaya da ya datse sai ya sayi na asali ɗaya a madadinsa, saboda haka kuɗin masu fim yana shiga aljihunsu cif, har ma ya kawo musu masu sayen da a da ba za su kusanci fim ɗin ba.

A 2002 wani reshen CleanFlicks da ke jihar Kolorado ya riga kowa zuwa kotu, ya nemi a tabbatar masa cewa aikinsa halal ne a doka, ya sa sunayen fitattun daraktoci irin su Steven Soderbergh a cikin ƙarar. Ƙungiyar daraktocin Amurka da manyan kamfanonin fim suka mayar da martani da tasu ƙarar. A watan Yulin 2006 alƙalin kotun tarayya Richard Matsch ya yanke hukuncin cewa masu datsewar sun keta haƙƙin kwafa da haƙƙin rarrabawa, ya dakatar da sana'ar, ya kuma umarce su da su miƙa faifan da ke hannunsu.

Wannan hukunci ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne aka gwada kariyar da mutane suka fi dogara da ita, wadda dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta tanada a sashe na 107, wato amfani bisa adalci. Kariyar tana ba mutum damar ɗibar wani abu daga aikin wani ba tare da izini ba, kamar don sharhi ko suka ko koyarwa ko ba da labari, kuma alƙali yana duba abubuwa huɗu: manufar amfanin da yanayinsa, irin aikin da aka ɗiba, yawan abin da aka ɗiba, da tasirin abin a kan kasuwar mai aikin. A ma'auni na farko abin da ake nema shi ne ko mai ɗibar ya sauya aikin ya ba shi sabuwar ma'ana, kamar mai sharhin da ya nuna guntun fim don ya bayyana rauninsa. Mai datsewa bai ƙara komai ba, ragewa kawai ya yi, kuma abin da ya sayar fim ɗin nan ne dai, ana kallonsa don nishaɗin da aka shirya shi dominsa. Ma'auni na biyu bai taimake su ba, tunda fim aikin ƙirƙira ne, irin wanda doka ta fi karewa. Na uku ya fi muni, domin kusan fim ɗin gaba ɗaya aka kwafa. Saura na huɗu, inda suka fi sa rai saboda tsarinsu na sayen ɗaya a madadin ɗaya, sai alƙali ya nuna cewa haƙƙin mai fim bai tsaya ga kuɗin faifai ba, ya haɗa da ikon yanke shawarar irin siffar da aikinsa zai fita da ita da kuma kasuwar da yake so ya shiga ko ya ƙi shiga. Da suka kawo batun kare tarbiyyar yara, ya ce wannan magana ce ta majalisa, ba ta kotu ba.

A ganina akwai abin tausayi a lamarin CleanFlicks, domin ba 'yan satar fasaha ba ne irin masu buga faifai dubu daga ɗaya. Sai dai tausayi bai canza matsayin hanyar ba. Duk wanda ya tallata maka fim ɗin da ya datse da kansa, a faifai ne ko a katin waya ko ta intanet, ba tare da lasisi daga masu fim ɗin ba, to hanyar da kotu ta rufe tun 2006 yake bi, komai kyawun niyyarsa. Wasu kan ce ai wanda ya sayi faifai yana da ikon sayar da shi ko ba da aronsa, kuma gaskiya ne sashe na 109 ya ba da wannan iko, amma a kan ainihin faifan da aka saya, ba a kan sabon da aka buga daga gare shi ba.

Hanya ta biyu ta tsira ne saboda ba ta taɓa jikin fim ɗin ko kaɗan. Kamfanin ClearPlay, shi ma na Utah, ya ƙera na'urar kallon DVD da ke aiki da wani ɗan jerin umarni da ake shirya wa kowane fim. Ma'aikaci zai zauna ya kalli fim daga farko zuwa ƙarshe yana rubuta lokuta: a minti kaza da daƙiƙa kaza an yi ashar, a kashe murya na daƙiƙa biyu, daga minti kaza zuwa kaza akwai tsiraici, a tsallake. Mai gida zai sa faifansa na asali, ya zaɓi abin da ba ya so da kuma tsananin tacewar, na'urar ta riƙa bin jerin tana kashe murya tana tsallakewa. Idan aka cire faifan aka sa a wata na'ura, fim ɗin zai fito yadda aka shirya shi, ko ƙwayar zarra ba ta ragu ba. A taƙaice aikin da hannun uba yake yi da rimot ne aka damƙa wa inji, wanda ya san abin da ke tafe tun kafin ya iso.

An sa ClearPlay a cikin waccan shari'ar ta Kolorado, amma majalisar dokokin Amurka ta shiga tsakani. A watan Afrilun 2005 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan wata doka da ta ƙunshi sashen da ake kira Dokar Fim ta Iyali, daga nan aka janye ClearPlay daga ƙarar. Wani abin lura shi ne wannan kundin doka ɗin ne kuma ya mai da ɗaukar fim da kyamara a gidan silima laifi a matakin tarayya, ka ga ke nan an ba kowane ɓangare abin da zai riƙe. Sharuɗɗan kariyar suna da tsauri, kuma wasu daga cikinsu sun taɓa zama sanadin faɗuwar wasu kamfanoni. Dole abin da za a ɓoye ya zama taƙaitaccen ɓangare na sauti ko hoto. Dole ɗan gida ne zai yi ko ya ba da umarnin a yi, don kallo na cikin gida. Dole hoton ya fito daga kwafin da masu fim suka amince da shi. Sannan kada a samar da wani ajiyayyen kwafi na fim ɗin da aka tace. Wannan sharaɗi na ƙarshe ne alƙali Matsch ya nuna wa CleanFlicks, cewa majalisa ta ga sana'arsu da idonta kuma ta zaɓi ta bar su a waje.

Wannan hanya tana da nata naƙasu, kuma gara mai zaɓe ya san su tun da wuri. Ba ta aiki sai a fim ɗin da aka shirya wa jerin umarni, saboda haka tsofaffin fina-finai da waɗanda ba na Hollywood ba sau da yawa ba sa ciki. Ana biyan kuɗin rajista a kan kuɗin fim ɗin kansa. Tacewar ba ta da santsi kamar ta editan da ya zauna ya haɗa hoto da sauti, domin kiɗa yakan katse a tsakiya, ko mutum ya buɗe baki yana magana ba a jin komai, yaro mai wayo kuwa ya san dalili. Dokar ta yi maganar ɓoyewa ne kawai, ba ta ba da izinin a musanya kalma da wata ko a ƙara wani abu a cikin hoton ba. Kallo a makaranta ko gidan kallo ko wani taro shi ma ba ya cikin kariyar, tunda ba kallon cikin gida ba ne. Duk da haka, a cikin hanyoyin da wani kamfani na waje ke yi wa iyali tacewa ba tare da izinin masu fim ba, ita kaɗai ce doka ta ambata ta kuma kare.

Hanya ta uku ita ce ta fi ruɗar mutane, domin ta sa rigar ta biyu alhali a ciki ta farko ce. Kamfanin VidAngel, wanda 'yan gidan Harmon suka kafa a Utah a 2013, ya fito da wata dabara: yana sayen faifai da yawa ya ajiye a rumbunsa, mai kallo ya sayi ɗaya a kan dala 20, a haska masa fim ɗin ta intanet da tacewar da ya zaɓa, washegari ya mayar wa kamfanin a kan dala 19. Kallon dare ɗaya ya tashi a dala 1 ke nan. Kamfanin ya ce tunda mai kallo ya mallaki faifan a wannan daren, kuma shi ya zaɓi abin da za a cire, to Dokar Fim ta Iyali ta rufa masa asiri. A watan Yunin 2016 Disney da Lucasfilm da Twentieth Century Fox da Warner Bros suka maka shi a kotun tarayya a Kalifoniya, a Disamba aka dakatar da shi, a Agustan 2017 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da dakatarwar.

Abu biyu ne suka kayar da shi. Na farko, hoton da ke isa gidan mai kallo ba daga faifan da aka ce ya saya yake fitowa ba, daga kwafin da kamfanin ya zuƙe ya ajiye a kwamfutocinsa ne, wannan kuwa ba kwafin da masu fim suka amince da shi ba ne. Na biyu, kafin a zuƙe fim daga DVD ko Blu-ray sai an fasa makullin da aka sa masa, kuma dokar 1998 da ake taƙaita sunanta da DMCA ta haramta fasa irin wannan makulli a sashe na 1201, laifi ne mai zaman kansa ko da mutum ya sayi faifan da kuɗinsa. Dokar 2005 ba ta ɗage wannan haramci ba. Hujjar amfani bisa adalci ta sake faɗuwa a kan dalilin da ya kayar da CleanFlicks, cewa fim yana nan a matsayinsa ko an cire masa wani yanki. Akwai kuma batun kasuwa, wanda a nan ya fito ƙarara: kamfanonin fim suna sayar da lasisi ne daki-daki, silima da farko, sannan faifai, sannan masu haskawa ta intanet, sai ga VidAngel yana nuna wasu fina-finai a kan dala 1 a lokacin da masu biyan lasisi ba su samu damar nuna su ba. A watan Yunin 2019 masu taya alƙali yanke hukunci suka ɗora masa diyyar kusan dala miliyan 62.4 a kan fina-finai 819. Kamfanin, wanda ya riga ya nemi kariyar kotun masu karayar arziki tun 2017, ya sasanta a 2020 a kan dala miliyan 9.9 da za a biya cikin shekara 14, tare da alƙawarin daina taɓa fina-finan waɗancan kamfanoni ba tare da izini ba. Tun 2017 ya koma tsarin ɗora tacewa a kan asusun da mai kallo yake biya da kansa a irin su Netflix da Amazon, wanda ya fi kusa da abin da dokar 2005 ta zayyana.

Akwai hanya ta huɗu da babu wata gardamar haƙƙin mallaka a kanta, wato kwafin da masu fim suka tace da kansu. Sun daɗe suna yin wannan domin jiragen sama da gidajen talabijin, kuma aikin ya fi kyau saboda suna da ainihin sauti da hoto a hannu, har sukan sa ɗan wasa ya maimaita jimla da kalma mai tsabta. Matsalar ita ce ba kasafai suke sayar wa jama'a wannan kwafi ba. A 2017 kamfanin Sony ya gwada haɗa irinsa a matsayin ƙari ga mai sayen wasu fina-finai 24, sai daraktoci suka yi ca a kansa, ya ja da baya ya ce ba zai fitar da na kowa ba sai da yardar daraktan. A nan nake ganin masu tacewa suna da gaskiya a ƙorafinsu, domin wanda ya yarda a datse fim ɗinsa saboda fasinjan jirgi, da wuya ya gamsar da uba cewa datse shi saboda yaro ɗan shekara 10 cin mutuncin fasaha ne.

Hanya ta ƙarshe ba tacewa ba ce, zaɓe ne: duba alamar shekaru da masana'antar fim ta Amurka take sa wa fina-finai tun 1968, irin su G (na kowa da kowa) da PG (mai son kulawar iyaye) da R (na manya), da PG-13 da aka ƙara a 1984, sannan a kulle asusun yara da lambar sirri. Ba ta cin ko sisi kuma ba ta taɓa haƙƙin kowa, sai dai fim ɗin gaba ɗaya take ɗauka ko ta bari.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa Dokar Fim ta Iyali ta Amurka ce, iyakarta iyakar ƙasar. A Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta na shari'a, ciki har da Nijar, ana ba mai aiki wani haƙƙi na kare mutuncin aikinsa daga sauyi ko da ya sayar da haƙƙin kasuwancinsa, kuma da wannan ne magadan darakta John Huston suka yi nasara a babbar kotun Faransa a 1991 a kan sa wa wani fim ɗinsa na baƙi da fari launi. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ma ta hana fasa makullin fasaha. Aikin hukumomin tace fina-finai, kamar ta tarayya ko ta jihar Kano, wani abu ne daban, domin izinin nunawa suke bayarwa, kuma takardarsu ba ta zama lasisi daga mai fim ba. Mai shagon tura fina-finai a waya da ya yanke wuraren batsa kafin ya tura wa mutane bai gyara matsayinsa a doka da wannan yankan ba.

Idan ni aka tambaya, ga iyalin da ke da ƙananan yara alamar shekaru da kulle asusu sun wadatar, domin fim ɗin da aka gina a kan kisa ko cin amanar aure ba ya zama na yara don an kashe muryar ashar ɗinsa, labarin yana nan daram. Tacewa ta fi amfani ga gidan da ke da matasa, ko manyan da su kansu ba sa son gani, inda fim mai ma'ana yake da wurare biyu ko uku da suka ɓata shi, kuma a nan hanya ta biyu ce abin zaɓa, sai idan an dace da kwafin da masu fim suka tace. Kafin a biya kowane kamfani, a tambaye shi ko sai mutum yana da faifansa na asali ko asusun da yake biya kafin tacewar ta yi aiki, a kuma duba ko ana iya kashe tacewar fim ɗin ya dawo cikakke. Idan amsar duka biyun e ce, alama ce cewa umarni kawai kamfanin yake sayarwa. Idan kuwa shi ne yake kawo fim ɗin da kansa, a farashin da ya gaza na masu lasisi, ko kafin fim ɗin ya fito a wurinsu, to tsarin da ya jawo diyyar 2019 ne aka sake wa suna. Mai son ya zuƙe faifansa ya datse a kwamfutarsa don gidansa kaɗai ya sani cewa dokar 2005 ba ta rufe shi ba, tunda ya fasa makulli kuma ya ajiye sabon kwafi. Mai niyyar kafa sana'a kuwa ƙofa biyu ce a gabansa, ko ya nemi lasisi daga masu fim, ko ya tsaya ga sayar da jerin lokutan tsallakewa ya bar fim ɗin a hannun masu shi.